Motar Yaya Halliru

"Ƙara kifi, ranka shi daɗe," in ji wani dattijo, ya turo min akushi na uku.

Na dubi matata Kulu ina murmushi. Tun safe muke yawon ɗanɗana abinci, ni da ita, a farar motar da muka aro wajen yayanta Halliru. A Wurno an cika mu da shinkafa da zabi. A Rabah, fura mai sanyi. Ba wanda ya yarda mu biya. Yanzu ga mu a wani ƙauye kusa da Goronyo, ana ta zubo gasasshen kifi.

"Kin gani?" na raɗa mata. "Kullum kina cewa ba ni da kwarjini."

"Awo, Malam," ta ce, tana zare ƙaya.

Da muka wanke hannu, dattijon ya ja ni bayan gari, manoma na biye. Ya tsaya gaban ƙofar ƙarfen da ke sako ruwan dam zuwa gonaki. An datse ta da kwaɗo.

"Sati biyu albasarmu ba ta sha ba. Tun da munka hango motar ofishin ruwa hankalinmu yak kwanta. Bismilla, hiddo makulli."

Ni kuwa malamin firamare ne. Zufa ta keto min. Na hau laluben aljihu.

Kulu ta zuge jakarta a hankali, ta ɗora min makulli a tafin hannu.

"Karɓi, mai kwarjini. Saƙon Yaya na daga ofishinsu na ruwa, yac ce mu buɗe musu. Ni dai cewa niy yi sai mun ƙoshi."