Akuyar Vernon Mai Fuka-fuki

Abin da na rasa ba ɓoyayye ba ne: miji ɗaya, dala ɗari da sittin da biyar, da sanyin shekara guda da ya kamata in yi a Tucson ina gasa gwiwoyina a rana. Abin da na samu kuwa akuya ce mai fuka-fuki, wadda ba ta ba da nono, ba a yanka ta, ko taɓa ta ma ba a iya yi.

Ni ce Loretta. Duk Toledo an san ni da ciniki. Akwatin gawar mijina Vernon ma sai da aka rage mini dala ɗari uku, mai shagon yana share gumi.

Bayan jana'iza na gaya wa 'yata Charlene da mijinta Dwight cewa zan sayar da gidan, in koma wurinsu a Tucson gaba ɗaya. Charlene ta rungume ni. Dwight ya ce madalla, kofi ya sarƙe shi, ya sauka ɗakin ƙasa yana tari. Can Vernon ya bar kwamfutarsa a kunne, da wasan nan da yake biya wa dala goma sha biyar kowane wata, shi da wasu tsofaffin banza suna kashe dodanni.

Da Dwight ya hauro, fuskarsa ta washe.

"Mama, ashe Baba dukiya ya bari. Akuyar da yake hawa a wasan, irinta ba su fi goma ba a duniya. Sai dai kada ki kuskura ki zare wayar wuta, don kalmar sirrin ta bi shi kabari. Kuma ranar da kika daina biyan kuɗin wata, an rufe garken."

Na sauka na gan ta. Ga gemu, ga harara. Vernon ya raɗa mata suna Loretta. Wannan maganar sai mun haɗu.

Karatuna a aji huɗu ya tsaya, amma lamba ba ta taɓa ruɗa ni ba. Dwight ya gyara na'urar yadda za ta riƙa karanta mini saƙo da baki, ni kuma in amsa da nawa bakin. Suka tafi.

Kwana uku sai ga saƙon mai saye a cikin wasan, wani wai shi Baƙin Doki. Ya taya dala ɗari. Na ce albarka, ɗari shida. Na ce ya buɗe baki mu yi magana kamar mutane, ya rubuto cewa mura yake yi. Wata goma sha ɗaya yana wannan murar.

Kullum ana jibi ranar biya yake ɓullowa, ya ƙara dala goma, ya ce zai yi shawara. Ni kuma in biya goma sha biyar don kada a rufe garken. Yana da ladabi dai, har gwiwata yake tambaya. Da su Charlene suka zo mini bikin cin talotalo na watan Nuwamba, satin ko ƙeyarsa ban gani ba. Na ce to, shi ma yana da iyali.

Ƙawata Bernadette ta tare ni bayan coci.

"Ke Loretta, yana ƙara goma, kina biyan sha biyar. Ko akuyar ta fi ki lissafi."

"Ke da kika sayi mota ba ki taya ba, ki yi mini shiru. Ciniki mutunci ne."

Amma maganar ta tsaya mini a wuya. Ga sanyi ya sake ƙaratowa, gwiwa kuma ta fara ba da labari. Na kira Charlene na ce ta gyara gado, ranar Juma'a zan zare wayar, akuya ta je ta iske mai ita. Na ji wani abu ya fashe a bayanta, ta ce Dwight ne ya yar da faranti.

Ko awa ba a yi ba, sai ga Baƙin Doki, alhali saura kwana goma sha biyu ranar biya. Ya ce ɗari biyar! Sai dai in yi masa haƙuri zuwa bazara.

"Bawan Allah," na ce, "ba a riƙe mini akuya da fatar baki. Kafin alƙalami, ɗari biyu, cek a hannuna kafin Juma'a. In ba haka ba in zare."

Ranar Alhamis cek ya iso da saƙon gaggawa. Mai gaggawa ba ya duba bayansa. Na sa tabarau na dube shi sama da ƙasa. Rubutu yana ba ni wuya, amma akwai sunan da na sha gani tun a katin biki, da adireshin da nake kwafa a bayan ambulan kowace Kirsimeti.

Na ɗauki waya na buga lambar da na haddace. Murar ta warke, murya garau. Minti arba'in muna ciniki. Ya roƙa, ya ce kada matarsa ta ji. Na ce shiru ma kaya ne, da farashinsa.

Yanzu in an tambaye ni ko kuɗin wata-watan nan na wasan ya cancanci biya, cewa nake ya danganta da wanda ke biya. Ga abin da na sallama a kai: dala ɗari shida cif, da ɗari da sittin da biyar ɗina, da babban ɗakin gidan Tucson mai kallon rana, shi kuma surukina Dwight ya riƙe akuyarsa, ya ci gaba da ciyar da Loretta biyu.