Ɗan Kunnen Sharvari

Su biyu suka rage a teburin ƙarshe na babbar gasar karta ta Goa, a Indiya: Sharvari da Ketaki, yarinyar da ta koya wa wasan da hannunta.

Sharvari ta leƙa kartarta, ta kai hannu ta murza ɗan kunnenta. A zuci roƙo take yi: ki janye, Ketaki, ki taimake ni ki janye.

Ketaki, wadda ke kiranta Didi, wato yaya, ta ƙyalƙyale da dariya. "Haba Didi, tsufa ya zo! Ba ki da komai." Ta turo duk abin da ke gabanta tsakiyar tebur.

Sharvari ta buɗe: sarakuna huɗu. Zauren ya kaure da ihu, kofi ya zama nata.

Mijinta Devdatt ya kutso zai rungume ta, ya tarar tana hawaye. "Kukan me kuma? Ke fa kika ci!"

"Kai kaɗai na gaya wa ina murza ɗan kunne idan hannuna babu komai," ta ce a hankali. "Ƙarya na yi maka. Duk gari ana cewa kana zuwa wajen Ketaki, ni kaɗai nake musawa. Yau na daina."