Ruwan Wanki a Kan Furen Malama

Tun da kin kawo ƙarar maƙwabciyarki, zauna ki ji wannan. An yi wata mata a wani gidan haya, wadda duk layin an manta sunanta na yanka, sai dai a ce "mai furanni", saboda tukwanen fure da ta jera a barandarta. Sunan nan ya fi mata komai daɗi a duniya. Ana nan sai wata malamar makaranta ta kama ɗakin da ke kallon nata, ta zo da nata tukwanen, masu shigowa suka fara raba yabo gida biyu. Abin ya tsaya wa mai furanni a rai, ko gaisuwar malama da ƙyar take amsawa. Da zafin bazara ya kankama, ganyen furanninsu duka ya fara ɗige-ɗigen rawaya, ga wata siririyar yana irin ta gizo-gizo a bayansa. Malama ta karkaɗa ganye ɗaya a kan farar takarda, sai ga jajayen ƙwari kamar garin barkono suna motsi. Ta kawo wa mai furanni ta ce, "Yaya, dubi abin da ke tsotse mana furanni, ni dai ban san maganinsu ba." Mai furanni ko kallon takardar ba ta yi ba. Yaushe aka haifi yarinyar da za ta koya mata fure? Ita ta riga ta gama bincikenta: baki ne ya kama shukarta, kuma ta san mai shi.

Sai ta kwashe tukwanenta ta kai ƙuryar ɗaki, ta rufe taga don kada ido ya ƙara ganinsu. Kullum in malama ta tafi makaranta, ita kuwa sai ta ɗauki ruwan wanki mai kumfa ta watsa wa furannin malama, har bayan ganye take bi don kada ko ɗaya ya tsira. Ranar da ta dafa ganyen dogon yaro saboda zazzaɓi, da ya huce can ta juye ragowar, wai ɗaci ya ƙarasa su. Sannan ta ɗauraye su tas da ruwa mai kyau don kada a ga shaida. Baiwar Allah ba ta san ƙwarin nan babu abin da ke kashe su kamar wanka da sabulu ba, babu kuma inda suke hayayyafa kamar rufaffen ɗaki mai zafi. Mako uku furen malama ya yi shar, ya fashe da ja da fari. Nata kuwa ta fito da su sun zama tsinke, yanar nan ta naɗe su. Tana tsaye da busasshiyar tukunya a hannu wata baƙuwa ta yi sallama, tana tambayar ɗakin mai furanni. Kafin ta buɗe baki, matan gidan sun nuna ƙofar malama. Ranar ta yi kuka, kuma ba furen take yi wa ba. Shi ya sa Hausawa suka ce hassada ga mai rabo taki ce.