Tattasan da Ya Yi Yaji

Ranar musayar iri masu lambu sun baje kwalabensu a kan tebura, amma babu wanda ya tsaya a gaban na Baba. Irin tattasansa, wanda ya gada tun daga mahaifinsa, bana da yaji ya fito a lambun duk wanda ya karɓa.

Auta, 'yarsa, tana gefensa tana murza bakin mayafi sai ga Dogo, saurayin da Baba ya hana zuwa wurinta.

Baba bai amsa gaisuwarsa ba. "Tattasai ba ya yaji haka kawai, sai an shuka attaruhu kusa da shi, ƙudan zuma ya haɗa su. Attaruhu kuwa kai kaɗai ke nomansa a nan."

Dogo ya saci kallon Auta.

"Ni na watso irinsa ta katanga, Baba. A gafarce ni."

"Ƙarya yake yi," Auta ta ce. "Ni na roƙe shi, ni na shuka da hannuna. Kullum attaruhun nake fara ba ruwa."

Baba ya daɗe yana juya kwalbar irin a tafinsa.

"Kin san irin nan ba zai taɓa komawa yadda yake ba?"

"Na sani, Baba. Ni ma haka."

Ya dangwarar da kwalbar a gaban Dogo.

"Ɗauka ka raine shi. Ranar da ya bushe a hannunka, kada ka yarda mu haɗu."