Telan da Ya Hana Faranti Ruwa

Ga misali ga mai kunnen ji. A wani dogon bene da iyalai da yawa ke haya, mai gidan ya gaji da ƙorafin rashin wuta, ya sa aka jera farantan sola a kan rufi. Farantan nan aiki biyu suke yi. Fuskarsu tana kama rana ta ba da lantarki, ta bayansu kuma akwai bututai da ruwa ke bi, ya kwashi zafi ya gangara tanki. Kowa ya sami wuta, kowa ya sami ruwan zafi a famfo, har mai jegon da ke hawan ƙasa ta huta da hayaƙin itace. Sai mutum ɗaya, wani tela a hawan sama, irin mutanen nan da in an ba su nama sai sun leƙa kwanon maƙwabci. An kawo masa ɗinkin ankon biki na dangi guda, uwar amarya ta ce in ya saɓa alkawari ba zai ƙara ganin ƙafarta ba. Kullum yana kan keken surfaninsa, in ya ji ƙarar ruwa a banɗakin wani sai ransa ya ɓaci. A lissafinsa, rana ɗaya ce, in an kwashi rabinta an dafa ruwan wanka, to rabi ne ya rage wa kekensa. Wai shi mai wayo! Bai tambayi kowa ba, ya lallaɓa rufi da sassafe, ya murɗe kan famfon da ke shigar wa farantan ruwa, ya sauko yana murmushi.

Abin da gogan bai sani ba, ruwan nan shi ne fifitar farantan. Yana kwashe musu zafi ne, su kuma su ji daɗin aiki. Da aka hana su, sai suka gasu a rana kamar kaskon tuya, wuta ta fara ja da baya. Keken da ke gudu ya koma rarrafe. Mai hankali daga nan zai koma ya buɗe abin da ya rufe, amma ina! Tela ya bi ƙofa ƙofa yana masifa, ya ce wa wannan firjinta ne ke cinye wuta, ya ce wa wancan dutsen gugarsa ne, har ya ce wa tsohuwar da ke kula da mai jego su rage kunna fanka. Tsohuwar nan kuwa ta koma hura itace a tsakar gida don dafa wa mai jego ruwa, tana kai da kawo da bokiti, gwiwa na ciwo, jariri na tari saboda hayaƙi. Ya gan ta da idonsa, ya kau da kai. Wallahi abin da ban haushi.

Ana haka wata rana da azahar, mahaɗin bututu ya gaji da gashi ya fashe, sauran ruwan ya bi waya, wuta ta ɗauke gaba ɗaya. Aka kira mai gyara, mutanen gida suka bi shi rufi, tela a gaba yana ta faɗa a kan marasa tausayi. Mai gyara ya taɓa faranti ya janye hannu da sauri, ya duba bututai, ya tsaya a kan famfon.

"Wane ne ya rufe wannan?" in ji shi.

Tsohuwa ta sunkuya ta zare wani guntun ƙyalle da aka naɗe kan famfon da shi don ya murɗu da kyau. Ta ɗaga shi sama. Atamfar anko ce, wadda duk gidan suka san a ɗakin wa take.

"Malam tela," ta ce, "ashe har da famfo a cikin masu ankon?"

Kayan gyara sai an aiko daga wani gari. Biki bai jira ba, uwar amarya ta zo ta kwashe yadinta, rabi a ɗinke rabi a yanke, ta kai wa wani. Tela ya zauna gaban keken da ba ya motsi, ba wuta, ba ruwan zafi, ba mai amsa sallamarsa a matakala. Hausawa dai sun riga sun faɗa: garin neman ƙiba, an samo rama.