Ranar da Aka Gwada Dogo

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo, kunnuwanmu na nan.

Da ƙarfe tara na safe Dakta ta goge hannayen Dogo da tsumma, ta duba batirinsa, sannan ta tsaya tana kallon bango. Ba tsoro take ji ba. Ba ta jin komai. Wata bakwai ke nan tana tashi, tana aiki, tana kwanciya, abinci ma ba ta sanin ɗanɗanonsa.

Dogo mutum-mutumi ne mai hannu biyu da aka naɗe da soso. Aikinsa guda ɗaya tak: ya ɗauki marar lafiya daga kujera ya kwantar da shi a gado, ba tare da ya ji masa ciwo ba. Shekara goma sha huɗu aka kwashe ana koya masa wannan, a ɗakin binciken da Farfesa ya kafa, inda Dakta ta shigo tana ɗaliba har ta zama mataimakiyarsa. Yau kwamitin asusun bincike na gwamnati zai zo. In sun sa hannu, aiki ya ci gaba har shekara uku. In sun ƙi, a garƙame ɗakin, mutum takwas su watse, a tura Dogo sito.

Dattijon da za a yi gwajin da shi ya riga ’yan kwamitin isowa. Shanyewar ɓarin jiki ta tsotse shi, ta karkatar masa da baki, ta ɗauke masa magana. Dakta da kanta ta turo kekensa ta ƙofar baya, ta gyara masa hula, ta ja bargo ta rufe masa gwiwa.

Mutanen kwamiti uku ne, amma shugabansu kaɗai ke da baki. Ya shigo da ƙamshin turarensa, ya ce, “Sannu Baba, Allah ya ƙara sauƙi,” idonsa na kan Dogo. Sai ya juyo wajen Dakta.

“Ina ogan naki? Ni ma fa ɗalibinsa ne, shekara ashirin da suka wuce. Mu ɗari uku a aji, ga shi ƙato, muryarsa kamar ya haɗiyi lasifika. Ko har yanzu ya fi ƙarfin zama da irinmu?”

Sauran biyun suka yi ’yar dariya.

“Ba zai samu yi muku bayani ba yau, ranka ya daɗe. Ni zan yi.”

Shugaba ya rubuta wani abu a takardarsa.

Dakta ta danna maɓalli. Dogo ya matso a hankali, ya zura hannu ɗaya bayan dattijon, ɗayan ƙarƙashin gwiwoyinsa, ya ɗaga shi kamar jariri. Ana tsakiyar juyawa sai ya ɗan tsaya cak, mutum na lilo a sama. Yatsan dattijon na hagu ya taɓa bargo sau biyu. Dakta ta lura da yatsan, ta murɗa wani abu a jikin na’urar, Dogo ya ƙarasa. Ya kwantar da shi, ya zare hannayensa, ko matashin kai bai gusa ba.

Shugaba ya tafa. Ya ce bai taɓa ganin irin wannan ba. Ya hau jawabi kan yadda na’ura ke koyon nauyin jikin mutum, yana janyo wata tsohuwar maƙalar Farfesa, yana haɗa farkonta da ƙarshen wata. Dattijon ya rufe ido.

“Kun gajiyar da bawan Allahn nan,” in ji ɗaya daga cikin ’yan kwamitin.

Daga nan Shugaba ya rufe alƙalaminsa.

“Aiki ya yi kyau, Dakta, ba na ja. Amma doka ba ni na yi ta ba. Jagoran bincike zai tsaya gabanmu ya kare aikinsa da bakinsa. Sau uku muna aika masa takarda. In rashin lafiya ce, ku kawo shaidar likita, mu rufe fayil, ku sake shiga layi daga farko kamar kowa. In kuma raini ne, mu rufe fayil. Wanne zan rubuta?”

Dakta ta buɗe baki. Ta kalli gadon. Dattijon ya buɗe ido, yana kallonta, bai ƙifta ba. Ta mayar da bakinta ta rufe.

“To, shi ke nan,” in ji Shugaba. “Ki gaya masa girman kansa ne ya kashe masa aiki. Ki ce ɗalibinsa ya ce.”

Suka fita. Ma’aikatan ɗakin ma suka zare jiki ɗaya bayan ɗaya, wani ya ɗauki jakarsa, wata ta cire hoton ’ya’yanta daga kan tebur. Ba wanda ya yi sallama da ƙarfi. Dakta ta jira hawaye, ba su zo ba.

Ta ɗebo ruwa ta jiƙa hankici, ta goge wa dattijon gefen baki. Sannan ta ɗauko ƙaramar kwamfutar da yake magana da ita, ta tallafe masa ita kusa da hannun hagu. Ya daɗe yana neman haruffa, yana gogewa yana sakewa. Da ya gama ta juyo da ita ta karanta.

“Kafaɗar Dogo ta dama na makara wajen juyawa. Ki gyara kafin su zo ɗaukarsa.”

Dakta ta miƙe ta ɗauko akwatin kayan aiki.

“To, Farfesa,” ta ce.

Ƙurunƙus, nan na tsince ta, nan na ajiye.