Fuskar da Anti Nena ta rufe

Ina cikin bas a Old Kent Road Umma ta buga mini waya, ta ce Anti Nena ta rasu. Maƙwabciyarmu ce a unguwar Plumstead, 'yar ƙasar Filifin, nas a asibitin da Umma take aiki. Lokacin ina ƙarama, wurinta nake zama idan an tashi daga makaranta.

A bangon kicin ɗinta akwai babbar takarda mai hotunan shugabannin ƙasarsu a jere. Fuskar ɗaya an rufe ta da filasta, irin wadda ake manna wa ciwo. Wata rana da la'asar, tana soya mini ayaba da sukari, na tambaye ta ko mutumin ciwo ya ji.

Ta ɗan yi dariya, ta rage wuta. Ta ce a zamanin mulkinsa ne yayanta ya fita zanga-zangar ɗalibai, bai dawo ba, ko gawarsa ba a gani ba.

Na ce, "To Anti, ki yanke shi mana. Ga almakashi."

Ta ce, "A'a, 'yata. Ya mulke mu, ba zan yi wa kaina ƙarya ba. Amma ba zai kalle ni ina cin abinci ba."

Sai ta zuba mini ayabar, ta tsaya tana hura mini.

Da muka je ta'aziyya, 'yarta ta ce ta kasa cire takardar, ta tambaye ni ko zan karɓa. Har yanzu ban ba ta amsa ba.